Filin Tambaya da Amsa: Wane Masauki Za Mu Kama a Kurmi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Kawu. Ni malamar makaranta ce a Asawase. Yayana da ke zaune a Jamus zai zo gida a watan Disamba da matarsa da yara uku, dukansu can aka haife su. Babban yaron ya kafe sai an kai shi ya ga kurmi na gaske, ya kuma kwana a ciki. Ni aka ɗora wa neman masauki. Na samu guda uku a waya. Na farko yana bakin teku, da wurin ninkaya da ɗakuna masu na'urar sanyi. Na biyu yana kusa da ƙofar gandun Kakum, ɗakunansa ba wani ado. Na uku sun rubuta cewa a tsakiyar daji suke, kuma sun ce in tura rabin kuɗi ta MoMo kafin su riƙe mana ɗaki. Mma za ta bi mu, ga shi tana fama da ciwon gwiwa. Wanne zan kama?
Malama, daga Asawase

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya kawo su lafiya, ya ba Mma sauƙi. Ki kama na biyun, amma kada ki tura ko sidi ɗaya sai kin buga musu waya kin yi tambayoyin da zan faɗa miki. Bari in fara da dalilin da ya sa na ture na bakin teku, don na san shi ne idon kowa zai fi kwantawa a kai.

Kurmi yana da lokacinsa. Daga idar da sallar asuba zuwa wajen ƙarfe 9 na safe, a nan ne duk abin da ke cikinsa yake motsi. Cilakowa na ratsa sama, kina jin ƙarar fiffikenta kafin ki gan ta, birai na fitowa cin 'ya'yan itace, raɓa na ɗiga daga ganye. Da rana ta take sai komai ya lafa, ba abin da ya rage sai zafi da gumi. Ba zai sake farkawa ba sai bayan magariba. To wanda ya kwana a Cape Coast ko Elmina, tsakaninsa da ƙofar gandun a Abrafo akwai tafiyar kilomita 30 da 'yan kai ta hanyar Jukwa. Kafin a tashi yara, a yi musu wanka, a jira karin kumallon otal, a shiga mota, ƙarfe 10 ta yi. Daidai lokacin ne bas-bas na 'yan makaranta da ƙungiyoyi suke sauke mutane, balle a Disamba da baƙi suke cika ƙasar nan tun daga bikin dawowa gida na 2019. Za ku bi layi, ku haye gadar sama da aka rataya tsakanin bishiyoyin gandun cikin ihu da ɗaukar hoto, ku sauko ku koma mota. Yaron zai koma Jamus ya ce ya hau gada. Kurmin da ya roƙa bai gan shi ba.

Gadar kanta abin gani ce, ba na raina ta. An buɗe ta a 1995, gadoji 7 ne da aka ɗaure a jikin manyan bishiyoyi, tsawonsu gaba ɗaya ya haura mita 300, kuma a wani wurin tsakaninki da ƙasa ya kai mita 40. Katako ɗaya ne a ƙarƙashin ƙafa, raga a dama da hagu har ƙirji. Amma wanda ya hau ta da ƙarfe 6 na safe, shi da ɗan jagora da iyalinsa kawai, da wanda ya hau ta da hantsi a cikin ayari, ba abu ɗaya suka gani ba. Ana iya shirya shigar sassafe da ofishin gandun tun kafin ranar, masu kallon tsuntsaye haka suke yi, kuma ana biyan ƙarin kuɗi a kai. Wannan ce tambayarki ta farko ga masaukin: za su shirya muku shigar asuba? Za su ba ku shayi da burodi kafin ku fita, ko su ajiye muku karin kumallo sai kun dawo? Idan mai amsa waya ya yi jim bai san ana yin haka ba, kin gane cewa ɗaki kawai suke sayarwa.

Yanzu na ukun, masu tsakiyar daji. Ba na cewa ƙarya suke yi, amma ki bincika. Gandun Kakum, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 375 idan an haɗa da ɓangaren Assin Attandanso, yana hannun sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji, kuma ba wanda zai tashi haka kawai ya gina otal a cikinsa. Da yawa daga masu rubuta "tsakiyar daji" a tsakiyar gonar koko suke, ko gonar kwakwar manja. A hoto duka kore ne. Gonar koko tana da inuwa da sanyinta, amma ba za ki ga odum da wawa da manyan rimaye masu saiwa kamar katanga a cikinta ba, kuma ba za ki ji abin da ake ji a kurmi da dare ba. Ki tambaye su kai tsaye: wane gandu ne kusa da ku, wace ƙofa, minti nawa ne a ƙafa daga ɗakin zuwa iyakarsa? Sannan ki ce su kira ki ta bidiyo a WhatsApp, mutum ya taka daga bakin titi har cikin ɗaki, ya buɗe banɗaki, ya kunna famfo, ya nuna miki ragar taga. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Batun kafin alƙalami kuwa, ba laifi ba ne masauki ya nema, musamman a Disamba. Abin dubawa shi ne wa kike tura wa. Kafin ki danna, sunan mai lambar zai fito a wayarki. Idan sunan masaukin ne, to. Idan sunan wani mutum ne da ba a taɓa ambata miki ba, ki dakata. Ki nemi su turo miki hoton lasisinsu na Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Ghana, wanda kowane masauki mai rajista yake da shi, galibi a rataye a wurin karɓar baƙi, ki kuma nemi rasit da ya faɗi ranar shiga, ranar fita, ɗaki nawa, da abin da ke cikin kuɗin. Wani gida a unguwarmu sun tura rabin kuɗin ɗakuna ga lambar da suka gani a Facebook, da ranar ta matso suka kira suka ji waya a kashe. Hotunan na wani masauki ne na gaske, ɓarawon ya kwashe su ya liƙa tasa lambar. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin kuɗin adashin matar gidan ne.

Abin da ya fi ɗaki muhimmanci shi ne ɗan jagora. Ke da ni idan muka shiga kurmi mu kaɗai, ganye kawai za mu gani. Jagora na ƙwarai zai tsaya cak ya nuna miki kashin giwa a kan hanya ya faɗa miki na jiya ne ko na makon jiya, ya murza ganye ya ba ki ki sansana ya ce wannan da shi mutanen ƙauyen suke maganin ciwon ciki, ya ji kuka daga nesa ya faɗi sunan tsuntsun. Mafi yawansu 'ya'yan ƙauyukan da ke kewaye da gandun ne, sun tashi suna bin iyayensu cikinsa. A Kakum ba a shiga ba tare da jagoran gandun ba, saboda haka ki tambayi masaukin ko suna da wanda suka saba aiki da shi, mai haƙuri da yara, kuma da wane harshe zai yi musu bayani. Idan kun fito ku yi masa ihsani mai kauri. Ina kuma son masaukin da ma'aikatansa mutanen yankin ne, wanda yake sayen doya da ayaba da kifi a hannun maƙwabtansa. Gandun nan ya hana mutanen ƙauyukan farauta da sara, giwaye kuma suna fitowa su ɓata musu gona. Idan ba sa ganin amfanin baƙi a aljihunsu, da wane baki za a ce musu su tsare dajin?

Ki gaya wa yaron tun yanzu cewa da wuya ya ga giwa. Akwai giwayen kurmi a Kakum, sun fi na sarari ƙanƙanta, suna tsoron mutum, kuma tun 2021 aka sa su cikin dabbobin da suke dab da ƙarewa a duniya. Sawunsu zai gani. Mai son ganin giwa ido da ido sai ya nufi Mole a arewa, ta Damongo da Larabanga. Abin da kurmi zai ba shi daban ne: birai a can sama, tsuntsaye fiye da iri 250, malam-buɗe-littafi kala-kala, da dare. Gandun yana da ɗakin kwana da aka gina a kan bishiya, ana shiga da yamma tare da jagora, a yi yawon dare da tocila, a kwana a kan katifa cikin gidan sauro. Shawarata ita ce uban ya ɗauki manyan yaran su yi dare ɗaya a can, ku kuwa mata da Mma da ƙaramin ku kwana a masauki. Ki shaida musu cewa cikin dare za su ji wani ihu yana tashi yana ƙara ƙarfi, har mutum ya zaci ana yanka wani. Agwadar bishiya ce, 'yar dabba da ba ta fi zomo girma ba. Yaron da aka gaya wa tun da rana zai yi murna idan ya ji ta. Wanda ba a gaya wa ba zai kwana yana kuka.

Mma kada ta hau gada. Ba gadar ce matsalar ba, hawan da ake yi kafin a kai gare ta ne, tudu ne mai matakalar dutse da yake ɗaukar mai lafiya kusan minti 20, kuma yana santsi idan an yi ruwa. Ki nema mata ɗaki a ƙasa wanda ba a hawa bene, mai banɗaki a ciki da masai na zama, kusa da inda ake cin abinci. Ki tambaya ko mota tana isa har ƙofar ɗakin, domin wasu masaukan suna ajiye mota a bakin hanya a ƙarasa da ƙafa. Ba za ta rasa abin kallo ba. A nan Abrafo akwai cibiyar kiwon ƙudan zuma marasa harbi, a kan hanyar Cape Coast kuma akwai Hans Cottage inda ake zama a rumfa a kan ruwa ana kallon kadoji. Duk wanda ya hau gadar kuma ya ji zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, akwai gajeriyar hanya da take fitar da mutum ba sai ya gama bakwai ɗin ba.

Sai maganar sauro, kuma a nan ina so ki ɗauki abin da gaske. Mu da muka tashi a nan jikinmu ya ɗan saba da zazzaɓin cizon sauro. Yaran da aka haifa a Jamus ba su da wannan ko kaɗan, kuma shi kansa yayan naki, bayan shekarun da ya yi a waje, nasa sabon ya tafi. Mutanenmu na Turai sun fi kowa sakaci da wannan, suna cewa ai gida za su. Ki ce su je wurin likita tun kafin su taso a rubuta musu maganin rigakafi, a kuma yi musu allurar shawara, wadda dama sai da katinta ake shigowa ƙasar. A masauki ki tabbatar kowane gado yana da gidan sauro mara huji, tagogi suna da raga. Ni nakan tafi da nawa gidan sauron da igiya. Sauron da ke kawo cutar daga faɗuwar rana zuwa asuba yake cizo, don haka da magariba a sa wa yara riga mai dogon hannu da safa, a shafa musu maganin korar sauro. Cutar ba ta nuna kanta sai bayan mako guda ko fiye, wato tana iya tashi bayan sun koma. Duk wanda ya yi zazzaɓi a can, a gaya wa likita nan take cewa daga Ghana suke. Ki kuma tambayi masaukin ina ne asibiti mafi kusa, kuma akwai mota da direba da suke kwana a wurin? Daga yankin Kakum babban asibitin koyarwa na Cape Coast bai yi nisa ba, wannan ma yana cikin abin da ya sa na fifita shi ga mai tafiya da tsohuwa da ƙananan yara.

Abinci da salla kuwa, a nan ne nake ganin mutanenmu suna jin nauyin magana, sai su je su wahala. Kuɗinki za ki biya, ki tambaya. Wa yake yanka naman da suke dafawa? Suna dafa alade a kicin ɗin, kuma da tukunya ɗaya da mai ɗaya? Me ake sa wa a miyar fufu? A ƙauyukan kurmi naman daji, musamman gyazbi, abin alfahari ne a ba baƙo, kuma galibi tarko ne ya kama shi ko bindiga. Ba da mugun nufi suke yi ba, karramawa ce, shi ya sa ya kamata a faɗa musu da wuri cikin mutunci. Mafita mai sauƙi ita ce kifi, tunda teku na kusa, da ƙwai, da doya da miyar kontomire, da wake da soyayyar ayaba. Idan kuna son nama, ku tsaya a Kotokuraba a Cape Coast ku saya a hannun mahautan Zango, ku sa a kula mai ƙanƙara, ko ku sayi kaza mai rai yayanki ya yanka da kansa. Masauki da yawa za su yarda su dafa muku abin da kuka kawo, wasu har su bar ki ki shiga kicin. Ki ɗauki garin koko da gari da shito da sukari, domin Mma ba lalle ta iya karyawa da burodi da ƙwai kullum ba.

Ki tambaya kuma ko wurin shan giya yana manne da ɗakunan kwana, kuma ko suna karɓar biki ko kiɗa a ƙarshen mako. Na taɓa sauka a wani masauki a bakin daji inda aka kafa lasifika tun la'asar har tsakar dare. Ba wanda ya ji kukan tsuntsu ko ɗaya, asuba ma da ƙyar muka tashi. Ku tafi da butarku da dardumarku. Alƙibla daga kudancin Ghana gabas ce mai karkata arewa, kuma gara ki duba ta a waya tun kuna inda sabis yake da ƙarfi, domin a ƙarƙashin bishiyoyin nan ba a ganin inda rana ta fito. Daga Kumasi zuwa Kakum tafiya ce da ta wuce nisan ƙasaru, kuma a mazhabar Malikiyya matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana 4 ba yana rage salla.

Wuta da ruwa ba sai na tsawaita ba. Ki ji ko suna kan layin wutar gwamnati ne, ko sola, ko janareta, kuma ƙarfe nawa ake kashe shi. Ni na fi son fanka da taga mai raga a kan na'urar sanyi da janareta mai ruri a bayan ɗaki, domin dare a kurmi yana da sanyinsa, balle a Disamba da hunturu. Ruwan sha ku saya na kwalba. Na wanka ki tambaya ko na burtsatse ne. Idan kun zo haye kogin Pra a Assin Praso ki leƙa ki ga yadda galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya mai da shi ja jawur, za ki gane dalilin tambayar. Kada a bar yara su shiga kududdufi ko rafi mai kwanciya, saboda tsargiya.

Ku taso daga Kumasi da sassafe ta Anwiankwanta da Fomena da Assin Fosu, ku ba hanyar awa 5 saboda tsaye-tsaye, don ku isa da sauran rana. A Assin Manso ku tsaya ku nuna wa yaran rafin da ake yi wa bayin da aka koro daga arewa, ta Salaga, wankan ƙarshe kafin a kai su gidajen bayi na bakin teku. Sannan ki gaya musu cewa kurmin nan ba baƙonsu ba ne. Goron da ke fitowa daga dazuzzukan Asante shi ne ya jawo kakanninmu daga Kano da Katsina da jakuna, fataucin Gwanja da ake faɗi, kuma sanadinsa aka kafa zangunan da muke ciki yau. Mahaifina goro ya saya a ƙauyukan nan har ƙarfinsa ya ƙare, kuma ni a hannunsa na fara ganin kwanson goro a jikin bishiya. Ki roƙi jagoran ya nuna musu bishiyar. Ku kuma tafi da katin ɗan ƙasa, domin kuɗin shiga na ɗan Ghana daban yake da na baƙo. Idan kuɗi ya isa, bayan kwana 2 a bakin gandun ku ƙara dare ɗaya a wancan otal na bakin teku, yara su yi ninkaya, ku ga gidan bayi na Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482.

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Ni tela ne a Tafo, an ɗaura mini aure bai daɗe ba. Ina so in fita da amarya kwana biyu zuwa wuri mai bishiyoyi da shiru a watan Agusta, amma aljihuna bai da nauyi. Akwai inda zan iya?
Ɗanka, daga Tafo

AMSA: Allah ya sanya albarka, ɗana, ya ba ku zaman lafiya. Ba sai ka yi nisa ba. Ka hau trotro mai zuwa Konongo, bayan Ejisu ka sauka a Kubease, daga nan ka ɗauki tasi ya shigar da ku gandun Bobiri, 'yan kilomitoci ne a kan hanyar ƙasa. Gaba ɗaya daga Kumasi bai fi kilomita 35 ba. Cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa da ke Fumesua ce take kula da shi, kuma an san shi da malam-buɗe-littafi kusan iri 400. Su ba sa fitowa da asuba, sai rana ta ɗaga ta bugi hanya, sai ka gan su sun taru a kan danshin ƙasa. Akwai manyan bishiyoyi da aka liƙa wa sunayensu, akwai hanyoyin ƙafa da jagora zai zaga da ku, akwai kuma ɗan gidan baƙi mai sauƙi a cikin gandun.

Ka nemi jin halin da gidan baƙin yake ciki kafin ku tashi: akwai ɗaki a ranar, akwai mai dafa abinci ko ku za ku zo da naku, akwai ruwa da wuta? Tunda kusa ne, abin da ya fi shi ne ka je kai kaɗai wata ranar da ba ka da ɗinki, ka ga ɗakin da idonka. Amarya ce, kada ka kai ta inda za ta ga abin da zai ɓata mata rai. Ka karɓi lambar mai tasin ku yi alkawarin lokacin da zai dawo ɗaukarku, don ba a samun mota a ciki. Agusta ka zaɓa daidai, domin a kudu ruwa yakan ɗan tsagaita tsakanin babbar damina ta Afrilu zuwa Yuli da ƙaramar da ke farawa a Satumba, ga gari da sanyi. Duk da haka ku riƙe laima. Ka ce mata ta bar silifa a ɗaki ta sa kambas da safa, ku riƙa duba ƙasa saboda kwarkwasa. Idan kun ga layinsu ya ratsa hanya ku tsallake da sauri, kada ku tsaya a kusa. A nan ba ƙasaru, ku cika sallarku.

TAMBAYA: Malam, mu abokai huɗu ne a Aboabo, mun sha zuwa Kakum, muna son inda ya fi shi zama daji. An ce mana Ankasa. Yaya masauki yake a can, kuma gaskiya ne ana samun aku da araha?
Wasu matasa, daga Aboabo

AMSA: Wanda ya ce muku Ankasa bai ɓatar da ku ba. Yana can kudu maso yamma, a kan hanyar Takoradi zuwa Elubo, dab da iyakar Kwaddibuwa, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 500, kuma yankin ne ya fi ko'ina samun ruwan sama a ƙasar nan. Ba gadar sama, ba layin 'yan makaranta. Akwai rafuka masu ruwa garau, akwai wani wuri kusa da sansanin Nkwanta inda gora ta tashi ta haɗe a sama ta yi rumfa mai tsayi. Ana samun masauki kusa da ƙofar gandun, kuma shi za ku nema, kada ku kwana a Elubo ku riƙa zarya. Babbar tambayarku ita ce mota. Hanyar cikin gandun taɓo ce, ƙaramar mota ba ta shiga, don haka ku ji ko masaukin yana da babbar mota mai jan ƙafa huɗu, kuma nawa ne kuɗinta a rana, domin sau da yawa ya fi kuɗin ɗaki. Ku je tsakanin Disamba da Fabrairu. Ku sayi takalmin roba mai tsawo irin na manoman koko, ku sa wayoyi da tufafi a leda, domin rigar da ta jiƙe a can ba ta bushewa sai dai ta yi fumfuna. Ku riƙe tsabar kuɗi, sabis ba abin dogaro ba ne, kuma ku gaya wa na gida ranar da za ku fito. A hanyar dawowa ku ratse Beyin ku shiga kwalekwale zuwa Nzulezu, ƙauyen da aka gina a kan ruwa.

Aku kuwa, ku bar shi inda yake. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa Ghana ta rasa fiye da kashi 90 cikin 100 na akunta masu jar wutsiya tun daga 1992, saboda kamawa don sayarwa da kuma sare manyan bishiyoyin da suke ƙyanƙyasa a kogonsu. A shekarar ne kuma ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Duk wanda ya tare ku da keji a bakin hanya, ku wuce, kuma ku shaida wa ma'aikatan gandun inda kuka gan shi. Idan kuna son ganin aku, ku gaya wa jagoranku tun daren farko, ya fitar da ku da asuba zuwa inda sarari ya buɗe a cikin dajin, ku riƙe madubin hangen nesa ko da guda ɗaya ne ku riƙa karɓa-karɓa.